Fayil Ɗin da Gwani Ya Kulle

Gwani maci amana ne, kuma matsoraci. Ya ɓata aiki da hannunsa, ya san shi ya ɓata, sannan ya zauna yana kaɗa ƙafa ana ci wa wata mutunci a kan laifinsa. Wanda bai iya aiki ba ana koya masa. Wanda ya yi kuskure ya faɗa ana yafe masa. Gwani ba ya cikin ko ɗaya.

Ofishinmu ɗaki ɗaya ne dogo a saman shagon masu gyaran firinta. Fanka biyu ce, ɗaya ba ta tashi sai an zungure ta da rula. Manhaja muke yi wa masu shagon magani, wadda suke sawa a kwamfutar kan kanta su rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Maigida ke da kamfanin. Maman 'Yan Biyu ke tsara fuskar manhajar, wato abin da mutum ke gani a allo. Gwani, ƙanin matar Maigida, shi ke riƙe da injin haɗawa, wanda ke tattara aikin kowa ya fitar da manhaja guda. Ni kuma nake kai wa masu shaguna in sa musu. Sunan Gwani shi ya raɗa wa kansa, mu kuma muka bar masa don gudun tsawon magana.

Maman 'Yan Biyu ba zana allo take yi da linzamin kwamfuta ba. Rubuta shi take yi, layi bayan layi, a cikin abin da muke kira fayil ɗin tsari: nan taga ta buɗe, nan akwati, nan maɓalli, faɗinsa kaza, launinsa kaza, nan taga ta rufe. A gefen allonta akwai 'yar tagar leƙe da ke nuna mata yadda abin zai fito. In ta gama, injin haɗawa ya karanta fayil ɗinta, ya haifar da fayil na biyu, daga na biyun ne manhaja ke fitowa. A saman wannan na biyun injin kan rubuta gargaɗi da kansa, cewa kada a taɓa shi da hannu. Duk wanda ya shigo sana'ar nan wannan ake fara gaya masa. In haɗi ya tafi daidai, alama ta yi kore. In an samu matsala, ta yi ja.

Rigimar ta faro ne daga mai kemis ɗin bakin asibiti, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, wadda sauran masu shaguna ke bin abin da ta ce. A allon shigar da kaya, maɓallin Adana da maɓallin Goge suna manne da juna, launinsu ɗaya, girmansu ɗaya. Ma'aikaciyarta ta wuni tana shigar da katan-katan na magani, ta kai hannu za ta adana, ta goge. Mai kemis ta ce a raba mata su, a yi wa Goge ja, a kai shi can ƙarshen allo inda hannu ba zai faɗa masa da tsautsayi ba.

Aikin bai ɗauki Maman 'Yan Biyu shan shayi ba. Na gani da idona a tagar leƙenta: Adana a dama, Goge ja wur a hagu. Ta tura, Gwani ya haɗa, alama ta yi kore, na ɗauka na tafi. Na sa a kwamfutar mai kemis, na buɗe, sai ga maɓallan nan biyu kafaɗa da kafaɗa kamar ba a taɓa su ba. Mai kemis ta dube ni ta saman tabarau ta tambaye ni ko motsa jiki na zo yi.

Na koma na faɗa. Gwani ya juyo da kujerarsa yana murmushi.

"Anti, ko dai ke ma Goge kika danna maimakon Adana?"

Aka yi dariya, ita ma ta yi. Ta sake buɗe fayil ɗin, ta bi layin, ta tabbatar, ta sake turawa. Ya haɗa. Kore. Na kai. Babu abin da ya canza. A wannan zuwan mai kemis ko kujera ba ta ba ni ba.

Daga nan Maman 'Yan Biyu ta daina dariya. Ta fara zargin kanta, kamar yadda mai gaskiya ke yi. Ta bi kowace alamar buɗewa ta ga ko tana da ta rufewa. Ta duba ko wani salo na can sama ne ke danne launin da ta sa. Ta ce ko allon mai kemis ne ƙarami yake matse maɓallan, ta sa na ɗauko mata hotonsa a waya, ta rage nata allon ya zama daidai da shi. Ta cire manhajar da take aiki da ita ta sake sawa. Abincin da take zuwa da shi a kula haka take komawa da shi gida. Sau da yawa takan yi magana ita kaɗai da allon, tana tambayarsa me ta yi masa.

Ta roƙi Gwani ya bar ta ta zauna kusa da shi ta ga yadda haɗin ke tafiya. Ya ce injinsa ba famfon unguwa ba ne da kowa zai zo ya murɗa. Ya ce ta je ta ji da launukanta. Da Maigida ya tambaye shi, ya buɗe hannu biyu.

"Yaya, inji ba ya ƙarya. Abin da aka ba shi, shi yake fitarwa. Ga kore nan, ni na zana shi?"

Ya ƙara da cewa mai 'yan biyu a gida ai dole hankalinta ya rabu biyu, ba laifinta ba ne. Ya faɗe shi da muryar tausayi, wadda ta fi zagi ciwo.

Bayan kaiwa ta uku, ita ma babu canji, mai kemis ta kira Maigida da kanta. Ba mu ji abin da ta ce ba, amma mun ga yadda yake nisanta wayar da kunnensa. Daga baya muka ji ta gaya masa in ba za su iya matsar da maɓalli ɗaya ba, za ta cire manhajarsu, kuma za ta gaya wa duk mai shagon da ya tambaye ta dalili. Maigida ya ce mata laifin Maman 'Yan Biyu ne, ya ajiye waya, ya tsaya a tsakiyar ɗaki, ya zazzage fushinsa a kan wadda ba ta da ɗan'uwa a gidansa. A gaban kowa ya ce wa Maman 'Yan Biyu tana cewa ta yi aikin da ba ta yi ba. Ya ce in mako ya ƙare ba a gyara ba, kada ta wahalar da kanta hawa bene a mako mai zuwa.

Wannan ma zalunci ne. Mutum yana da ma'aikata biyu a kan aiki ɗaya, ya binciki ɗaya ya bar ɗaya saboda da dare a tebur guda suke cin abinci. Matar nan tun kamfanin yana tebur biyu take cikinsa, kuma bai taɓa kama ta da ƙarya ba. Ta ɗaura mayafinta, ta ɗauki kularta, ta sauka. Gwani kuwa ya sa abin sauraro a kunne yana kaɗa kai.

Ranar ƙarshe ta makon ta riga kowa zuwa. Da muka cika, ta tashi ta je teburin Maigida, ta ce tana roƙon ya ba ta aron idonsa na ɗan lokaci, daga nan in ya ga dama ya kore ta. Ya biyo ta yana haɗe fuska. Ta buɗe fayil ɗin tsari a gabansa, ta zaɓe shi kaf daga sama har ƙasa, ta goge. Sannan ta ɗora tafin hannunta a kan madannai ta murza, haruffa suka zubo babu kai babu gindi. Tagar leƙe ta mutu nan take. Maigida ya tambaye ta ko ta haukace ne. Ta ce tana da kwafi a filashi, ya kwantar da hankalinsa. Ta tura shirmen nan yadda take tura aiki, ta ce a sa Gwani ya haɗa.

Gwani ya ce shi ba ya wasan yara. Ya ce yana da aiki a gabansa. Ya ce injin sai ya huce. Maigida ya ce ya haɗa.

Muka tsaya a bayansa mu uku. Layuka suka gudu a allo. Alama ta yi kore. Aka buɗe manhajar, sai ga ta cif, taga da akwatuna da komai, ga Adana ga Goge manne da juna.

"Maigida," in ji Maman 'Yan Biyu, "babu ko maɓalli ɗaya a fayil ɗina. Wannan allon daga ina ya fito?"

Injin da aka ba shara ya ce komai lafiya, to ba ya karanta abin da ake ba shi ke nan. Gwani ya yi gyaran murya ya ce ai inji kan riƙe tsohon abu a ciki, duk masu sana'a sun san haka. Ta ce madalla, to a share masa cikin. Babbar jakar da injin ke zuba fayilolin da ya haifa, a goge ta gaba ɗaya, ya sake haifarwa daga farko, ai ba a asarar komai. Ta miƙa hannu wajen linzamin.

Gwani ya fizge shi har wayar linzamin ta zare daga jikin kwamfuta, kofin shayinsa ya kife a kan tebur.

"Kar ki goge wannan. Aikina na ciki."

Shayi ya shiga ɗiga a ƙasa. Jakar da inji ke cikawa da kansa, aikin mutum me ya kai shi ciki? Maigida da rubuta manhaja ya fara kafin ya zama mai kamfani, bai buƙaci a yi masa fassara ba. Ya ce wa Gwani ya tashi. Ya mayar da wayar linzamin, ya zauna, ya buɗe fayil na biyun. An share gargaɗin da ke samansa. An kulle fayil ɗin yadda inji ba zai iya rubutu a kansa ba. A cikin umarnin haɗawa kuma an ƙara layi ɗaya da ke cewa a tsallake fayil ɗin tsari.

Sauran ya fito ne guntu-guntu, da tambaya da tsawa. Kwanakin baya an sabunta injin haɗawa. Sabon ya ƙi karɓar fayil ɗin Maman 'Yan Biyu saboda sunan wani salo da aka canza, alama ta yi ja. Gwani bai gane saƙon ba, ga abokansa na jiransa a ƙasa za su kallon ƙwallo. Maimakon ya juya kujera ya tambayi wadda ke zaune a bayansa, sai ya ɗauko tsohon fayil na biyu, ya yi masa faci da hannu, ya kulle, ya ce wa inji ya daina duba nata. Kore ya fito, ya tafi ƙwallonsa. Ya ce niyyarsa ya dawo ya gyara.

Maigida ya tambaye shi yaushe ya gane shi ne sanadin maɓallan. Ya fara kame-kame. Aka sake tambaya. Ya ce tun ranar farko da na dawo daga wurin mai kemis. Tun ranar da ya yi mata ba'ar Goge da Adana ya sani. Ya ma gwada matsar da maɓallan da kansa a cikin fayil ɗin da ya kulle, ya ɓace a ciki. Wannan ne aikin da yake karewa. Duk kwanakin da matar nan ke komawa da abincinta gida, yana zaune taku biyu daga ita da amsar a bakinsa, ya gwammace a kore ta da a ce Gwani bai gane saƙo ba.

Maman 'Yan Biyu ba ta dube shi ba. Ta mayar da fayil ɗinta daga filashi, ta ce wa Maigida ya buɗe abin da aka kulle ya cire layin. Aka haɗa. Alama ta yi ja, ta faɗi layin da ba ta so ƙarara. Ta karanta, ta canza kalma ɗaya, aka sake haɗawa. Kore. Adana a dama, Goge ja wur a hagu.

Maigida ya matso kusa da ita ya fara ba ta haƙuri ƙasa-ƙasa. Ta dakatar da shi.

"Da ka ce ni maƙaryaciya ce ba raɗa ka yi ba. Ka janye da muryar da ka faɗa. Sannan ka kira mai kemis ka gaya mata, don sunana ka ba ta."

Ya janye a tsaye, har masu firinta na ƙasa sun ji. Ya kira mai kemis a gabanmu. Gwani ya lallaɓa baranda da wayarsa, ba a jima ba wayar Maigida ta fara ruri, matarsa ce. Ya kifa ta a kan tebur. Gwani ya dawo yana cewa Yaya a duba zumunci, Anti a yi haƙuri, wasa ne ya yi yawa. Maman 'Yan Biyu ta ce masa ita ba antinsa ba ce, ya goge shayin da ya zubar kafin ya shiga cikin madannai.

An kori Gwani a ranar. An karɓi makullin ofis a hannunsa, an canza kalmar sirrin injin haɗawa. Yayarsa ta yi magana har ta gaji, ba a mayar da shi ba.