Fitilar da Ta Zama Wata

Hasken fitila na wa ne, na mai ita ko na wanda ya sauka a fuskarsa? Ban sani ba. Da wannan tambayar na kwanta jiya, na yi wani mafarki.

Fitilar gadon Baba ce. Wani Bature ɗan Italiya mai gina titi, wanda Baba ya yi wa kuku, shi ya bar masa ita. Ja ce, dunƙulalliya kamar lemo, da wani ƙoƙo a ciki da ake juyawa ya rufe ƙwan lantarkin, kamar husufin wata. Tun rasuwar matata Tabawa, na rufe fitilar. Maƙwabcina Ɗanlami tela, da idonsa ya fara rauni, ya roƙi aronta. Na hana.

A mafarkin ruwan sama daga ƙasa yake tsirowa ya hau gajimare, kowa yana tafe a kan lemarsa. Fitilata ce a sama a madadin wata, a rufe. Mutanen gari sun fito suna kaɗa gwangwani don a sake ta, amma gwangwanin ba ya ƙara.

Sai ga ni a ofis. Wani bunsuru mai tabarau yana tauna hularsa.

"Malam Tanimu, kai ka kama wata?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Naka ne. Buɗe."

"In na buɗe, zan ga tabarmar Tabawa ba kowa."

"A rufen, wa kake gani a kai?"

Sai ya buga mini hatimi a kunne.

Sai ga ni a bakin kogi. Ruwan a tsaye yake, gaɓar ce ke gudu. Ɗanlami yana lalubar kafar allura, Tabawa na gefensa riƙe da zaren.

"Kai dai Malam da rowa," in ji ta. "Har haske? Duhun nan ni ka ajiye wa? Ba na so."

Na miƙa hannu in juya watan, ya yi nisa. Sai gwangwanayen suka fara ƙara.

Na farka. Mai ruwa ne yake buga jarka a ƙofar gida.

Na goge fitilar da hannun riga, na tsallaka lungu da ita.

"Lafiya, Malam Tanimu, da sassafe?" in ji Ɗanlami.

"Ina soket ɗinka?"

"Ai babu wuta."

"Za a kawo."

Na juya ƙoƙon ya buɗe, na zauna a bencinsa muna jira.