Barguna Uku a Kan Auta

Su huɗu ne a gidan: Kaka, Umma mai ɗinki a wani shago can bakin titi, Yaya 'yar shekara goma sha ɗaya, da Auta da bai cika biyu ba. Ba su da ma'aunin zafin jiki. Waya ɗaya ce, tana jakar Umma.

Da safe Umma ta kai Auta asibiti, ta ba shi magani, ta bar katinsa a kan tebur ta tafi aiki. Da rana tsaka ya fara karkarwa. Kaka ta taɓa ƙafafunsa, ta ji su da sanyi, sai ta yi abin da ta yi wa 'ya'yanta duka. Ta rufe taga, ta lulluɓe shi da barguna uku don ya yi gumi.

Yaya ta sa hannu ƙarƙashin bargon, ta janye da sauri. Leɓɓansa sun bushe, ko kukan ma ya daina.

"Kaka, a cire masa."

"Ke uwar iyayi, ba kya ganin sanyi yake ji?"

Yaya ta ɗauko katin ta karanta mata. A sama an rubuta "fever". A ƙasa: a rage masa tufafi, a ba shi ruwa, in ya yi laushi a dawo da shi.

"Wace cuta ce kuma wannan?" Muryar Kaka ta sauka.

"Ba sunan cuta ba ne. Malamarmu ta ce zazzaɓi ne. Turanci ma aro ya yi daga wani tsohon harshe, Latin, inda ake cewa febris. Wasu masana sun ce asalinta daga ƙuna ne."

"Da bargo na raini uwarki, ba da Latin ba."

Numfashin Auta ya ƙara sauri. Yaya ba ta sake musu ba. Ta kama hannun Kaka, ta ɗora shi a ƙirjin yaron.

Kaka ta ji ƙirjin da zafi zau. Sannan ta yaye bargunan da kanta, ɗaya bayan ɗaya.

"Buɗe tagar. Kawo ruwa da cokali, ki ɗauko min zanen goyo."

A cokali na huɗu ne Auta ya haɗiye ruwan. Suna fitowa titin asibiti ya fashe da kuka a bayan Kaka, ita kuwa ta ƙara sauri, Yaya na biye da katin.

Ran nan Kaka ta gane cewa yaro yana iya karkarwa alhali jikinsa ƙuna yake yi, kuma a ƙirji ake taɓa shi, ba a ƙafa ba.