Ranar da Masu Ramuwa Suka Zo wa Kawu

Kawu ne ya kafa wasan, tun yana tuƙa motar kamfani. Duk Asabar da yamma sai shi da abokan wasansa su taru a tsohon sito na bayan gareji, kowa da kayan da ya ɗinka, su shiga wani gari da suka gina da kwalaye da labule. Ba rubutaccen labari. Kowa da matsayinsa, abin da ya faɗa ko ya aikata shi ne labarin, wannan mako ya ɗora a kan wancan. Kawu shi ne alƙalin garin. Da aka sallame shi daga aiki, sai ya zama a kan kujerar nan ta katako kaɗai ake ce masa ranka ya daɗe. Nan shari'arsa ta fara tsawo. Mutane na tsaye da takubban katako, ƙafa ta yi tsami, shi yana ta zuba jawabi.

Mai Kemis, wadda tsarin wasan ya koma hannunta, ita ta zo da sabon abu.

"Kawu, za mu ƙara Mai Ramuwa," in ji ta. "Mutum ɗaya a cikinmu, a ɓoye. Zai sa baƙar riga da fuskar roba. Duk wanda ya yi zalunci a labari, ya shafa masa jan alli a ƙirji. Wanda aka shafa wa ya mutu, ya bar wasa."

"Har abada?"

"Har abada. In ba haka ba, wa zai ji tsoro?"

Abin ya yi wa Kawu daɗi, har ya ƙara da tasa dokar: ba mai cire wa Mai Ramuwa fuska. A ransa ya ɗauka shi za a ba matsayin. Da ya ji shiru, sai ya ce wa ƙaninsa, wanda yake fitowa a maƙeri, ai sun yi daidai, alƙali ba ya ɓuya. Ƙanin ya ci gaba da goge takobinsa, bai ɗago ba.

Wata Asabar, Kawu yana tsakiyar yi wa ɓarawon doki shari'a, labule ya motsa, Mai Ramuwa ya fito. Kawu ya gyara zama, ya nuna masa ɓarawon da sanda. Sai wani mai baƙar riga ya biyo baya, sai wani, sai wani. Ɓarawon ma ya zaro tasa fuskar daga aljihu ya sa. Kawu ya waiga, duk siton ba fuskar mutum sai tasa.

Suka yi layi. Kowa ya zo ya goga masa allin a farar rigarsa, ba gaggawa.

"Laifin me na yi?" in ji shi. "A faɗa mini laifin, haka doka ta ce."

"Gawa ba ta magana," in ji muryar Mai Kemis. Aka yi dariya cikin fuskokin roba.

Na ƙarshe ya matso, ya danna allin har ya karye. Kawu ya gane hannun, da tabon ƙuna a babban yatsa.

"Yaya, ka kwanta mana," in ji ƙanin a hankali. "Kana ɓata mana lokaci."

Ya kwanta a kan siminti, ya rufe ido, don bai taɓa karya dokar wasa ba. Suka ɗora shi a kan wani tsohon ƙyaure, suka fito da shi, suka ajiye kusa da tarin tayoyi, suka koma suka ja ƙofa. Yana kwance yana jin ƙarar takubba da shewa. Bai taɓa jin wasan ya yi armashi haka ba. Wani bakanike ya zo ɗaukar taya, ya ce, "Baba, ɗan matsa," ya tsallake shi.

A gida ya tarar da matarsa a kan keken ɗinki. Ta dubi rigar, ta ci gaba da taka keken.

"Yau ne ashe," in ji ta. "Ka jiƙa ta da wuri, jan alli yana kama yadi."

"Kin sani?"

"To wa ya ɗinka musu baƙaƙen rigunan?" Ta cije zare ta tofar. "Tunda Asabar ɗinka ta zama taka, famfon bayi yana nan yana zuba."

Ya shiga bayi da rigar a jikinsa, ya tsuguna gaban famfon, ya daɗe yana kallon ruwan yana ɗiga a bokiti.