Kiran Sakuji Daga Ramin Kwal

Ranar da za a toshe bakin ramin kwal na ƙarshe a garinsu, cikin kwarin Chikuho, Shizuno ta je ta taso Isokichi daga barcin hantsi.

"Tashi, tsohon banza. Yau za su zuba siminti, kuma yayana na ciki."

Yayan nata, Sakuji, yana ciki tun shekarar da ruwa ya fasa ramin, aka rufe ƙofar ƙarfe a kan waɗanda ba su fito ba. A wurin mahaƙa, wanda ya mutu a ƙarƙashin ƙasa ba ya gane hanya shi kaɗai. Sai an kira sunansa, ana faɗa masa kowace mararraba har ya fito sarari. Ba a yi wa Sakuji ba, kuma cikin waɗanda suka san lungunan ramin Isokichi kaɗai ya rage.

Sun tarar motar siminti na ta juyi. Norio, shugaban leburori, ya ce, "Kaka, kada ku daɗe. In ba haka ba da ku zan haɗa."

"Haɗa mana, ka hutar da jikokina," in ji Isokichi.

Shi da Shizuno suka gangara cikin ramin har inda baƙin ruwa ya tare hanya. Nan Isokichi ya yi tsaye. Ya san su wa ke lungun Sakuji: mutanen Koriya da aka kwaso aka sa su haƙa, waɗanda ba wanda ya taɓa tambayar sunansu na gida. Ba mai zuwa kiransu.

"Shizuno, ba shi kaɗai ba ne a can."

"Na sani. Nawa na zo ɗauka."

"Ai in na ɗaga murya duk za su ji."

"Ɗakina ɗaya ne, Iso, ba zai ɗauke su duka ba."

"To in ce musu su koma su zauna, yau za a rufe?"

Shi kuwa ya ga cewa kiran mutum ɗaya a kunnen sauran ya fi rashin kiran muni. Ya gyara murya.

"Sakuji, Isokichi ne. An tashi aiki. Duk wanda ke kusa da kai, riƙo hannunsa. Mun bar lungun hagu. Ga inda dawakan jan kwal ke shan ruwa. A sunkuya, rufin nan gajere ne."

Ruwan da ke kwance ya fara taɓa musu takalmi. Suka juya suka hau gangaren, yana kira, wani sanyi na bin ƙeyarsu. Ba wanda ya waiwaya.

Da suka fito, Norio ya ɗaga wa direba hannu don ya fara zuba siminti. Isokichi ya cafke hannun.

"Dakata. Ba su gama wucewa ba."

Norio ya fara dariya, sai ya lura ciyawar bakin ramin ta kwanta tana fuskantar waje, alhali ko ganye ba ya motsi a bishiyoyi.

"Har yaushe, Kaka?"

"Ban taɓa sanin yawansu ba."

Shizuno ta riga ta kama hanya a hankali, ta gefen tsibin baƙin tarkacen ramin. Isokichi na jiyo ta tana ce wa yayanta, "Ga gada. A da nan kasuwa ce, yanzu babu."

Da yamma ya bi ta ƙofar gidanta. A buɗe take. Ta fito da duk kwanonin da ta mallaka ta jera a ƙasa, tana zuba shinkafa kaɗan-kaɗan don ta isa.