Tarin Ciyaman

"Ba a zura hannu, ba a ba su abinci, kuma don Allah ba a yi musu magana," in ji yarinyar da ke yi musu jagora. Da baya da baya take tafiya tana fuskantar baƙin, ko tuntuɓe ba ta yi.

Anti Tela ta gyaɗa kai tare da sauran. Gyaɗa kai kam ta ƙware a kansa tun rasuwar mijinta. A ce ta ci abinci, ta gyaɗa. A ce sai haƙuri, ta gyaɗa. Ba ta yi kuka ranar ba, ba ta yi daga baya ba, har mutane suka fara yaba tawakkalinta. Ita ta san ba tawakkali ba ne. Jinta take kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, a tsunkule ta ma ba ta sani ba.

Ƙanwarta Auta ce ta rufe mata keken ɗinki da safe, ta jawo ta wannan gida da ake jinyar namun daji.

"Yaya, dubi kunkurun can. Sak surukina in an tashe shi daga barci."

"Uhm."

Jagorar ta nuna musu barewa mai ƙafa uku da aka ciro daga tarkon waya, da mikiyar da wayar lantarki ta ƙona wa fiffike, da wani biri da a da ake sa wa riga yana rawa a tasha. Kowa sai tausayi yake. Anti Tela kuwa aljihun rigar jagorar take kallo. An ɗora shi a karkace, kuma zaren bai dace da yadin ba.

Suka iso wani ƙaton keji mai tsayin bene, cike da aku masu launin toka da jar wutsiya. Jagorar ta ce duk daga hannun mutane aka karɓo su, kuma kwanan nan za a kai su daji a sake su.

Auta ta zungure ta. "Kin hango shi?"

Ciyaman take nufi, akun marigayi. Shi ya raɗa masa sunan, wai don ba ya barin kowa ya ƙarasa magana. Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, a falo aka sa masa gado kusa da kejin, su biyu suke wuni. Washegarin rasuwar, tana tsaye a kicin, ta ji tarinsa daga falo. Sai da ta kai bakin ƙofa da kofin ruwa a hannu sannan ta ga shimfiɗar gadon a naɗe, tsuntsun na kallonta da ido ɗaya. A ranar ta roƙi direban da ke makwabtaka da su ya raba ta da shi. Shi kuma ya zo ya ajiye shi a bakin get ɗin gidan nan cikin kwali, ya ja motarsa, bai yi wa kowa bayani ba.

"Ban gan shi ba," ta ce. Ba ta ma duba sosai ba.

Can bayan babban kejin akwai wani ƙarami, shi kaɗai a ƙarƙashin rumfa. Aku ɗaya ne a ciki, yatsarsa ɗaya guntuwa. Ƙofar kicin ɗinta ce ta guntule ta.

"Wannan a keɓe yake," in ji jagorar. "Tari yake yi. Likita ya auna jininsa, ya ɗauki hoton ƙirjinsa, bai ga komai ba. Amma ba za mu haɗa shi da 'yan'uwansa ba, kada ya kai wa na daji cuta."

Wani mutum mai kyamara ya ce, "In bai daina ba fa?"

"Sai ya zauna da mu. Aku kuwa kun san shi da tsawon rai, yakan binne mai shi."

Kamar jira yake a gama gabatar da shi. Ya karkata kai, ya saki tarin: gajeru biyu, sai dogon mai jan ƙirji, sai ɗan gyaran muryar nan da marigayi kan yi a ƙarshe, kamar mai neman afuwa.

Hannun Anti Tela ya miƙa neman kofi, ya kama iska. Wani abu ya fara tsattsaga mata daga ciki, irin na ƙafa in jini ya fara dawowa. Da zafi, kuma ba ta so ya tsaya.

Auta ta riƙe mata hannu, ta yi ƙasa da murya. "Yaya, ki yi shiru abinki, nan za su bar shi. Duk Asabar suna buɗewa. Ni zan riƙa kawo ki."

Shiru dai ba ya cin komai, ta kuma iya shi. Ba ta da muryar mijinta a waya, mutumin da ko saƙo aka ce ya tura sai ya ce ai gobe ma rana ce. Abin da ya rage mata a duniya ke nan, a maƙogwaron tsuntsu. Ta dubi kejin. Faɗinsa bai wuce na teburin yankanta ba. Ta tuna yadda marigayi kan ce ta buɗe masa taga, ita kuma ta hana saboda sanyi, sai ya juya ya ce, "Ciyaman, ni da kai duk fursunonin matar nan ne."

Mutane sun fara yin gaba. Ta ce, "'Yata, zo mana."

Jagorar ta dawo. "Na'am, Mama?"

"Lafiyarsa ƙalau. Tarin ba nasa ba ne."

"Na wa ne?"

"Na mijina. A gidana ya koya."

Yarinyar ta dubi tsuntsun, ta dubi matar, ta sauke hular kanta. "Allah ya jiƙansa, Mama. Yanzu zan faɗa wa likita. In ya gamsu, sai a haɗa shi da sauran, su tafi tare."

"Zai manta?"

"A daji sukan manta. Ba mai amsa masa."

Anti Tela ta gyaɗa kai, wannan karon da saninta.

Ayarin ya wuce wajen kadoji. Ita ta tsaya a gaban kejin ko zai ƙara sau ɗaya. Ciyaman ya ɗauki wata ƙwaya da ƙafarsa mai guntuwar yatsa, ya juya mata baya, ya shiga fasawa.

"Yaya, mu je. Ba zai yi ba."

"Na sani," ta ce. "Marigayi ma haka yake. Ya wuni yana yi, da mun shiga gaban likita sai ya yi ɗif, a mai da ni maƙaryaciya."

Ta buɗe baki za ta yi dariya, abin da ya fito daban. Auta ta ajiye jakarta a ƙasa, ta tare ta da hannu biyu.