Ƙaron Malam a Fiffiken Jirgi

Inno ta ce ba za ta hau jirgin sama ba, ko da kujerar Makka ta ruɓe. Shekarar 1976 ce, 'ya'yanta sun gama mata komai na aikin hajji, ita kuwa ta kafe a kan cewa ƙarfe ba ya zama a iska, in ya hau sai ya faɗo. Duk Gwandu an san kafiyar Inno, kuma an san Mika'ilu, ɗanta mai koyarwa a firamaren Kalgo, a nono ya sha tasa.

Sai ya samo farin soson nan marar nauyi da ake tsare sabuwar rediyo da shi cikin kwali, ya fere shi da reza har ya zama jirgi. Idan ya cilla shi yakan yi lilo a iska ya sauka a hankali kamar shirwa ta ƙoshi. Abin da yake so Inno ta gani da idonta ke nan.

A motar da ta kawo shi Gwandu wani ya jingina buhun shinkafa a kan jirgin, fiffike ɗaya ya ɓalle. Ransa ya ɓaci ƙwarai. In Inno ta ga jirgi a karye, magana ta ƙare.

Bai shiga gida ba, ya zarce wurin abokinsa Nagoggo mai facin keke. Shi Nagoggo a wurinsa babu abin da sholisho ba ya kamawa, da za a ba shi auren da ya mutu ma sai ya shafa masa. Kafin Mika'ilu ya ce a dakata, Nagoggo ya lakuta ya goga. Suna kallo soson ya soma narkewa yana lotsawa, bakin fiffiken ya cinye. Nagoggo ya ce laifin soson ne.

Mika'ilu ya datse inda ya lalace, ya rage ɗaya fiffiken su zo daidai, ya rantse ba zai ƙara shafa wa jirgin komai ba sai ya gwada a ɓarɓashi. Ya gwada kokon sitaci, ya bushe ya fasa ya zube. Ya gwada narkakken danƙo, zafinsa ya huda soson. Nagoggo ya ce ya haƙura ya zana wa tsohuwa jirgi a allo, Mika'ilu ya harare shi.

Allon nan da Nagoggo ya ambata ne ya tuna masa da tawada. Ya lallaɓa zauren mahaifinsa marigayi, inda ba a taɓa kayan Malam ba tun rasuwarsa. A 'yar tukunya ya tarar da sauran ƙaron da Malam yake ɗebowa daga dajin Dalijan yana haɗa tawada. Ya jiƙa shi da kauri, ya gwada a ɓarɓashi. Bai ci soson ba, bai yi nauyi ba, sai dai jinkirin bushewa. Ya soka tsinken tsintsiya tsakanin fiffike da jiki, ya shafa, ya ajiye a inuwa ya zauna gadi har la'asar.

A tsakar gida ya cilla shi. Jirgin ya wuce rumbu, ya karkata, ya sauka lafiya kusa da turmi. Inno ta miƙa hannu ta karɓa. Mai ɗinkin ƙwarya ce tun tana budurwa, yatsunta ba sa wuce tsaga. Nan take ta gano wurin.

"Wanga ya taɓa karyewa," in ji ta.

Mika'ilu ya amsa cewa haka ne, don ba a yi wa Inno ƙarya. Ta kankare ɗan abin da ya bushe a gefen, ta ɗora a harshe.

"Ƙaron Malam na."

"Shi ne, Inno."

Malam ya yi ta burin Makka har ya koma ga Allah bai je ba, kuma ba mai ambaton wannan a gabanta. Ta shafa fiffiken, ta share ido da bakin zane.

"Shi bai samu zuwa ba," ta ce. "Tunda abinai ya riƙe fiffike, ɗauko mini akwatin. In tahi muna."