Rabin Mita

"Rabin mita kawai," in ji Yaya. "Ka ture mini sabon titin nan daga bakin shagona, ni kuma na bar maka ɗakin Baba, har da makulli."

Shekara huɗu ƙanensa, mai zanen hanya, yana roƙon ɗakin nan, don iyali sun yi masa yawa a ɗaki ɗaya. Ya ce, "Yaya, ai ba da hannu ake ture titi ba."

"Ko da ƙafa ne ka ture. Ni dai kar a taɓa mini ƙofa."

Suka tafa.

Aikinsa a ofishin masu zana hanya ba wani mai wuya ba ne. Masu awo su kawo layi biyu, gefen titi na dama da na hagu. Ya danna wannan, ya danna wancan, kwamfuta ta fitar da layin tsakiya. Daga tsakiyar nan ake auna mita biyar kowane ɓangare, abin da ya faɗo ciki sai rusau.

Layin tsakiya ba ya taɓuwa, idon injiniya na kansa. Amma na gefe wa ke dubawa? Shagon Yaya na dama, sai mai zane ya kama layin hagu ya ja shi waje mita ɗaya. Kwamfuta, baiwar Allah, ta raba abin da aka ba ta biyu, tsakiya ta gusa rabin mita. Injiniya ya auna nan, ya auna can, ya ga daidai, ya sa hannu.

A allon kwamfuta, gefen hagu wani koren zare ne kawai. Sai ranar shafa jan fentin rusau ya gan shi a ƙasa: shagon tsohon telan da ya ɗinka masa kayan makaranta. Alamar ta haɗa da ƙofa da inda keken ɗinki ke zama.

"A'a, ɗana! An ce kai ne mai zanen," in ji tela. "Maƙwabta na ta surutu wai an yi son kai. Na ce ku rufa wa yaro asiri, kwamfuta ce ta raba. Tana da wa ne ko ƙane?" Ya ƙyalƙyale da dariya. "Matso nan, maɓallinka na rawa. Babban ma'aikaci da riga haka?"

Mai zane ya sunkuya, tsoho na ɗinki a wuyansa, numfashinsa na dukan haɓarsa. Maganar ta zo masa har baki. Ya tuna sa hannun injiniya, ya tuna makullin da ke aljihunsa, ya haɗiye.

"Na gode, Baba."

Yaya ya tsira da shago, har ya ƙara rumfa. Tela ya koma ɗinki a lungun gidansa, inda mai wucewa ba ya ganinsa. Mai zane ya samu ɗaki. Rigar kuwa tana ƙasan akwati, bai ƙara sa ta ba.